Bututu Biyu a Bango Ɗaya

Mijina mai aikin famfo ne, kuma in za a bi ta tawa, famfo ya fara aura kafin ya aure ni. Shekara talatin da 'yan kai muna tare, ban taɓa ganin ya shiga gidan mutane ya zauna kamar baƙo ba. Ana cikin gaisawa kunnensa yana banɗaki. Ranar da muka je asibiti duba yayata, ni ina share hawaye a bakin gado, shi yana tsugune a ƙarƙashin wurin wanke hannu yana ɗaure wani abu da ke ɗiga. Na ce, "Malam, mara lafiya fa muka zo dubawa." Ya ce, "Wannan ma ba shi da lafiya." Yayata da ke kwance sai da ta yi dariya har ɗinkinta ya yi mata zafi.

A wurin aiki Baba Famfo suke ce masa, har waɗanda suka girme shi. Tun yana ƙarami yake bin kawunsa da jakar kayan aiki, boko kuwa bai yi nisa ba, amma in ya dafa bango ya kasa kunne zai gaya maka inda ruwa ke gudu a ciki. Tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. Ba shi da abokin hira sai sifana, ba shi da wurin zuwa in ba aiki ba. Da wannan hannun ya rufa mana asiri, ya aurar da manyan 'ya'yanmu, autarmu kuma tana karatun jinya. Famfon gidanmu ne kaɗai ke bin layi, sai na yi kwana da kwanaki ina mita kafin ya waiwaye shi.

Abin ya fara a hankali. Zai zuba shayi ya zuba rabi a kan tebur. Zai nemi takalminsa alhali yana gefen ƙafarsa. Wata rana auta ta dawo gida tana kumbure-kumbure, wai ta gaishe shi a bakin titi da hannu ya wuce ta kamar bai san ta ba. Ni kuwa da bakina da ba ya shiru, na yi ta yi masa tsiya, ina cewa tsufa ya zo ba sallama. Sai da na ga ya miƙa hannu zai ɗauki cokali ya kama iska, sannan na daina dariya. Da ƙyar da jiɓin goshi na ja shi asibitin ido.

Likita ya haska, ya auna, ya sake haskawa, sannan ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cin sa. Abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa sai dai ya riƙe ɗan abin da ya rage. Ya ce gefe da gefe sun riga sun rufe, tsakiyar ma ta dushe, launuka masu haske duk ɗaya za su riƙa zame masa, balle a wuri mai duhu. Ya tambayi sana'arsa, da ya ji sai ya ajiye biro ya ce gara ya fara tunanin hutawa.

Sai da muka kusa ƙofar gida ya yi magana.

"Kada yara su ji," ya ce. "Kada kowa ya ji."

"Malam, ciwo ai ba abin kunya ba ne."

"A sana'armu ana haƙuri da mai tsada, ana haƙuri da mai saɓa alkawari. Wanda ba ya gani ba a sake kiransa. Ranar da aka sani, ranar na gama. Me zan zama in na ajiye jakar nan? Ki gaya mini."

Ni ma ban san wane ne shi ba in babu jakar. Na ce babu wanda zai ji daga bakina, wannan kuwa ya zama alkawari.

Ana cikin haka wata Injiniya ta kira shi. Mace ce mai kirki, ta san aikinsa tun tana sabuwar fitowa daga makaranta, Baba take ce masa kamar ita ya haifa. An ba ta wani dogon gini na gidajen haya da na sayarwa, irin wanda yanzu ake yayi, mai tsimin wuta da ruwa. Masu ginin suna neman wata takardar shaida da ake bai wa irin waɗannan gine-gine, a kafa allonta a bakin ƙofa, masu saye su zo da gudu. Kafin a ba da ita sai masu bincike sun zo sun auna komai. Rufin duk farantan sola ne. Gilashin tagogi ninki biyu ne don kada zafi ya shiga. Fitilun baranda da kansu suke kamawa in mutum ya motsa, su mutu in ya tsaya. Kan famfo ma na musamman ne, ruwa yake bayarwa kamar mai rowa.

Amma abin da masu ginin suka fi tinƙaho da shi shi ne ruwa. Ruwan wanka da na wanki ba ya tafiya kwata. A ƙasan ginin akwai wani ɗaki da ake tara shi, a tace, a mayar da shi sama don kora bayi da ban ruwan shuke-shuke. Ba na sha ba ne, ba na girki ba ne. Saboda haka a cikin bangon ginin, ta wani siririn rami da ya taso daga ƙasa har sama, bututu biyu ne suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kaurinsu ɗaya, santsinsu ɗaya. Ɗaya fari, na ruwan sha. Ɗaya mai launin shunayya mara duhu, na ruwan da aka tace. Wasu ma'aikata dabam ne suka ja manyan bututun, aikin Malam shi ne ya ɗebo daga kowanne ya shigar cikin kowane gida, fari zuwa kicin da wurin wanka, shunayya zuwa bayi.

Da ya ba ni labari na ce, "To kai da fari da shunayya duk ɗaya ne a wurinka, yaya za ka yi?"

Ya ce ya riga ya samo dabara. Ranar farko, da rana tsaka, ya sa an buɗe masa ramin a hawan ƙasa, ya yi kamar yana gwada wani lebura, ya ce ya nuna masa wanne ne na sha. Leburan ya dafa na dama. Shi ke nan. Fari a dama, shunayya a hagu. "Kamar hannu ne," in ji shi, "dama ta ci, hagu ta bayi. Ko jariri ba zai manta ba." Har yana murmushi, murmushin da na daɗe ban gani ba.

Wata rana na kai masa abinci saboda ya manta da shi a gida. Mai gadi ya nuna mini hawan da yake. Na hau na tarar da barandar dulum, babu taga ko ɗaya, sai ƙarar sifana nake ji daga can ƙarshe. Ina taka ƙafa fitilu suka kama. Ga shi durƙushe, kansa da hannuwansa cikin ramin, yana ɗaure mahaɗi. Ashe ya daɗe a wuri ɗaya har fitilar ta ɗauka babu kowa ta mutu, shi kuwa bai ma san ta mutu ba. Na tsaya riƙe da kwano, ina tunanin da wani ne ya hawo ba ni ba. Na gaya masa ya riƙa motsa hannu jifa-jifa don fitilar ta zauna a kunne. Ya ce to, ya karɓi abincinsa.

Haka ya bi ginin hawa-hawa har ya kai ƙarshe. Aka rufe ramin, aka yi filasta, aka manna tayil, masu fenti suka shiga suka fita. Na ce Allah ya raba mu da wannan aiki lafiya.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ana saura 'yan kwanaki masu bincike su zo, Malam ya dawo gida tun rana ba ta yi sanyi ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafarsa. Na kawo abinci bai taɓa ba. Sai da na rufe ƙofa na tsare shi sannan ya yi magana.

Wai suna shan shayi a bakin ginin, sai ga Dogo, shugaban waɗanda suka ja manyan bututun, ya zo karɓar wasu kayansa. Ana hira Dogo ya ce wani ginshiƙi da ke can sama ya ba su wahala, ya tare musu hanya, dole suka zagaya da farin bututu ta bayan ɗan'uwansa, daga nan har ƙarshe fari ya koma hagu. "Ai ka gani, Baba," in ji Dogo. Malam ya ce, "Na gani."

"A wane hawa ne?" na tambaya.

"In na tambaya ai na tona kaina. Wanda ya gani ba ya tambaya."

"Wataƙila ginshiƙin yana sama da inda ka haɗa."

"Wataƙila."

Kwanakin nan da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi cin abinci ya koma shan ruwa kawai, ruwan ma sai ya riƙe kofin ya yi ta jujjuya shi. Zai tashi ya zagaya tsakar gida, ya dawo ya zauna, ya sake tashi. Yana lissafin hawa da yatsu yana ƙoƙarin tuno ko hannunsa ya taɓa jin wani lanƙwaso a cikin ramin. Ni kuma na shiga yi masa faɗa, don in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Na ce masa taurin kai, na ce masa wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne yadda masu binciken ke aiki. Wani shuɗin garin launi suke zubawa a tankin ruwan da aka tace, sannan su buɗe famfunan sha su ga ko shuɗi zai fito. Amma ba kowane gida suke shiga ba, ɗaiɗaiku suke zaɓa. Ana iya yin sa'a su tsallake inda ɓarnar take, a ba da takarda, a kafa allo, a tafa. Daga nan mutane su tare, wata ta buɗe famfo ta haɗa wa jaririnta madara.

"To ka yi shiru mana, wataƙila ma babu komai," na ce, ina jin ɗacin maganar a bakina.

Ya ce Injiniya ta riga ta ba shi garin launin, ta ce ya yi gwajin da kansa kafin baƙi su zo, don ta fi yarda da shi a kan kowa. Ya ciro ƙullin daga aljihu ya ajiye a kan gado tsakaninmu.

"Zan zuba," ya ce. "Amma ko ya fito ba zan gan shi ba. Ki zo ki duba mini."

Ranar hutun ma'aikata muka tafi da safe, ni da kwanon abinci a hannu don kada mai gadi ya yi tambaya. Muka fara sauka ɗakin ƙasa inda injina ke gurnani. Ya laluba murfin tankin ya buɗe, ya zazzage garin, ruwan ya rine kamar an zuba bular wanki. Ya kunna injin turawa, muka jira. Lif ba a fara amfani da shi ba tukuna, sai matakala.

Kowane gida tsarinmu ɗaya. Ni zan shiga bayi in danna abin kora ruwa, in ruwa ya sauko shuɗi to daidai ne. Shi kuma zai buɗe famfon kicin ya bar shi yana zuba, in zo in tsaya in duba. Famfunan nan masu rowa kuwa sai ka ce da gangan suke yi, siririn ruwa suke saki, sai mun daɗe a tsaye kafin mu tabbata wanda ke fitowa daga babban bututu yake. Gidajen babu komai a ciki sai warin fenti da leda a kan ƙofofi, muryarmu tana amsa kuwwa.

"Yaya?"

"Fari ne tas."

"Ki duba da kyau. Tara a tafin hannu."

"Na ce maka fari ne, Malam. Idona ne ko naka?"

Na faɗa kafin in yi tunani. Ya yi kamar bai ji ba, ya rufe famfon muka wuce gaba.

Hawa bayan hawa muna samun daidai. Gwiwoyina suka fara ciwo, zanina ya jiƙe, amma zuciyata ta fara sauka. Shi ma kafaɗunsa sun ɗan saki. A wani hawa har ya tsaya ya shafa kan famfo ya ce wanda ya ƙera wannan bai taɓa wanke tukunya ba. Na yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Na fara raya wa kaina cewa gobe war haka muna gida ina yi masa tsiyar wahalar da ya ba ni a banza.

Saura hawa biyu mu gama, na shiga bayin gidan farko na danna. Ruwa ya sauko fari. Na jira tankin bayin ya cika na sake dannawa. Fari ƙal, mai kyau, irin wanda za ka ɗiba ka sha. Ban taɓa tsanar tsabtataccen ruwa ba sai ranar. Na sake dannawa, ina roƙon Allah a zuci ya sa launin ne bai iso ba. Daga kicin nake jin ƙarar famfo yana zuba.

Na fito a hankali na tsaya a ƙofar kicin. Kicin ne mai kyau, ga rana ta shigo ta babban gilashi ta haske ko'ina. Malam yana tsaye ya tara hannuwansa biyu a ƙarƙashin famfon, shuɗin ruwa yana cika tafinsa yana zuba ta tsakanin yatsunsa, ya ɓata farin kwanon wanke-wanken gaba ɗaya. Fuskarsa a sake take.

"Wannan ma lafiya, ko?" ya ce. "Saura kaɗan mu gama."

Wallahi na so in ce e. Kalmar ta zo har bakina. Babu kowa a ginin sai mu biyu, ruwan zai wanke kwanon, masu bincike wataƙila ba za su hawo nan ba. Na dubi mutumin nan da bai iya komai ba a duniya sai wannan aiki, na ji kamar in na faɗi gaskiya da hannuna na yanka shi.

"Kin yi shiru."

"Shuɗi ne, Malam."

Bai janye hannunsa ba. Ya bar ruwan yana zuba a kai, ya sunkuyar da kai ya kawo tafinsa kusa da idonsa, kusa sosai, yana nema. Sannan ya saki ruwan.

Sai na ɓarke da magana kamar wadda aka kunna. Na ce mu fasa bangon yau ɗin nan, babu kowa, ya juya mahaɗan, in ya so a ce tayil ne ya tsage. Na ce ni zan riƙe masa fitila, ni zan nuna masa fari da shunayya, ai ga shi yau na zame masa ido kuma mun iya. Na ce Dogo ne da laifi da bai sanar ba. Na ce ya tuna auta, ya tuna sunansa, ya tuna duk wanda zai ji a gari. Ina magana ina kuka, ina jan hannun rigarsa.

"Hawa biyu ne, gida nawa ke nan," ya ce a hankali. "Ko mun fasa ba za mu rufe kafin gobe ba. Dogo kuma bai yi laifi ba, launi ya bar mini, launin kuwa yana nan. In na tsallake wannan, gini na gaba fa? Za ki bi ni da kwanon abinci har yaushe?"

"Har in mutu."

"Na sani," ya ce.

Ya goge hannunsa a gaban rigarsa, shuɗin ya bi rigar. Ya ciro waya daga aljihu ya riƙe ta ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini ya ce in nemo masa Injiniya. Na ce ya bari sai gobe, ya kwana a kan maganar. Ya ce in ya kwana ba zai iya ba. Na danna lambarta na mayar masa.

Ina jin muryarta daga inda nake, tana gaishe shi da fara'a, tana tambayar yadda gwajin ya tafi.

"Bai yi ba, 'yata," ya ce. "Hawa biyu na sama na haɗa su a juye. Ruwan bayi ne a kicin. Ki dakatar da baƙin, kada kowa ya tare."

Na ji tana cewa ba zai yiwu ba, ai bututun launinsu dabam, yaya za a yi Baba Famfo ya kasa bambanta su.

Ya dafa bakin kwanon da hannu ɗaya.

"Ba na gani," ya ce. "Na daɗe ba na gani. Ki nemi wani ya gyara, kuma ki sa a bi duk abin da na taɓa a ginin nan."

Famfon yana ta zuba a gabansa. Na miƙa hannu na rufe shi.